Ban Ji Amsar Gladys Ba

Zuru,
Oktoba, 2006

Zuwa ga Yaya Magdalene,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan ke da maigidanki Markus da yara duk kuna lafiya, kuma aikin asibiti yana tafiya daidai a Kaduna. Allah ya ƙara muku ƙarfi, ya tsare ku. Mu ma nan da sauƙi. Na je Dabai na ga Mama ranar Lahadin da ta wuce, ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa sujada da kanta. Dawa ta yi kyau bana, sai dai tsuntsaye sun matsa mata. Matata Larai da 'yarmu Jessica suna gaishe ki.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro ba mai daɗi ba ne, kuma ban san wanda zan faɗa wa ba in ba ke ba. Kin san shekara da shekaru ina koya wa yaran makarantarmu muhawara, ina kai su gasa, muna dawowa hannu wofi. Alƙalan da ake kawowa daga nesa ba su saba da Turancin yaranmu ba. Yaro ya tashi da yarenmu C'lela a gida, Hausa a kasuwa, in ya buɗe baki sai a rage masa maki tun kafin a saurari hujjarsa. Na yi ta roƙo a sa mutumin ƙasar nan cikin alƙalai. Bana aka amsa, aka shirya bitar horar da alƙalan gasa a nan Zuru, aka sa sunana. Ranar har Larai ta yanka kaza.

To amma tun zazzaɓin da ya kwantar da ni farkon damina kunnena na dama bai koma daidai ba. Da farko ƙara nake ji kamar injin niƙa daga nesa, sai na ce zai wuce. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, na yi ta ɗigawa, babu canji. Yanzu na daman ya mutu gaba ɗaya, na hagun ma ya fara bin sa. A aji sai in matsa kusa da yaro in kalli bakinsa, da haka nake lallaɓawa. Ban ɗauka abin ya kai inda ya kai ba sai a wurin bitar nan.

Wadda take horar da mu sunanta Malama Rufaida, daga Birnin Kebbi ta zo. Mace ce mai haƙuri, ta san aikinta. Ta koya mana yadda ake raba maki tsakanin hujja da iya magana da kiyaye lokaci, ta kuma ce babban aikin alƙali shi ne ya lura ko mai magana ya amsa abin da abokin hamayya ya kawo. Duk wannan na fahimta, don ina zama a gaba ina kallon bakinta. Ranar ƙarshe aka kawo ɗalibai don mu gwada alƙalanci a gaban jama'a, suka yi muhawara a kan ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Teburin alƙalai yana gefe ɗaya, aka kuma kunna janareta a bayan taga.

A cikin masu magana akwai wata yarinya daga Kanya, Gladys, 'yar siririya, irin yaran da na daɗe ina fafutuka a kansu. Ta fara magana tana fuskantar mu, na bi ta sarai. Can sai ta juya wajen abokan hamayyarta, ta ba ni baya. Na ga kafaɗunta suna motsi, na ga hannunta yana nuni, na ga mutane suna tafi, amma Yaya, ko kalma ɗaya ba ta shigo kunnena ba. Da ta juyo, ta riga ta shiga kammalawa. Sai na ɗauka ba ta taɓa hujjarsu ba, na ba ta maki kaɗan a wannan ɓangaren.

Da aka gama, Malama Rufaida ta ce kowane alƙali ya tashi ya bayyana dalilin makinsa. Na tashi na ce yarinyar ta iya magana, amma ta kauce wa abin da aka jefa mata game da kuɗin makarantar kwana, ba ta amsa ba. Sai na ga kowa ya tsaya yana kallona. Malam Lukuman, wanda muke koyarwa tare, ya sunkuyo ta hagu ya ce mini ai amsar da aka yi wa tafi ke nan, ta bi hujjar ɗaya bayan ɗaya ta rushe ta. Na dubi Gladys. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi da mamaki. Daga baya na ji cewa malaminta ya gaya mata yau akwai ɗan gida a tebur, kada ta ji tsoro.

Bayan an watse na neme ta na ba ta haƙuri, na gaya mata gaskiyar abin da ke damuna. Ta durƙusa ta ce ba komai Malam, Allah ya ba ka lafiya. Malama Rufaida ma ta kira ni gefe, ta tsaya ta hagu tana magana a hankali. Ta ce tun ranar farko ta lura da yadda nake karkatar da kai. Ta ce a rubuce babu wanda ya kai ni fahimtar aikin, amma ba za ta ɗora yara a gaban alƙalin da ba ya jin su ba, kuma ta san ni ma ba zan so haka ba. Gasar shiyya sai bayan hutun Kirsimeti. Ta ce za ta riƙe mini gurbina zuwa lokacin, in likita ya duba ni ya ce akwai abin yi. In babu, za a kawo wani daga nesa kamar da.

Yaya, ba kujerar alƙalanci kaɗai nake tsoron rasawa ba. Malamin da ba ya jin ɗalibansa, me ya rage masa a aji? Ban iya wata sana'a ba. Jiya Jessica ta tsaya a bayana tana kirana, har ta zo ta ja rigata tana tambayar ko fushi nake yi da ita. A asibitin nan sun wanke kunnen, sun ce abin ya fi ƙarfinsu, sai wurin likitan kunne. Na ji akwai asibitin kunne a Kaduna. Don Allah ki bincika mini, ki nemo wanda zai gan ni da wuri. In na'urar da ake maƙalawa a kunne za ta yi, zan sa ta a gaban kowa, ba na jin kunya. In kuma babu magani, gara a gaya mini in sani. Duk ranar da kika ce in zo, zan nemi izini in hau mota. Kada dai Mama ta ji tukuna.

Ki gaishe mini da Markus da Philip da ƙaraminsu Japhet, da Kawu Philemon in kun haɗu a coci. Ki sa ni a addu'a. In kin samu labari, ki aiko da saƙo a rubuce ta wayar Larai. Kada ki kira, Yaya. Da kika kira ran nan ina ta cewa babu sabis, sabis lafiya lau yake, muryarki ce ban ji ba.

Ni ne ƙaninki,
Haggai