A Rubuta Sunana a Kwalin Aji Uku

Zuwa ga Malamata, inuwar da nake gudu in fake a cikinta idan rana ta take tsaka, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira, ƙamshin sabon katako a sa'ar da zarto ya fara ratsa shi, tauraruwar da ba ta neman izinin gajimare kafin ta fito.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da mahaifiyarki Mama, da kuma littattafanki talatin da shida, waɗanda na ga alama sun fi ni fada a wurinki.

Kafin in shiga abin da ya kawo ni, bari in tuna miki wanda yake rubuto miki, don na lura da zarar kin toshe kunne da iyafis ɗin nan kina manta mutane. Ni ne wanda ya bar makaranta daga aji uku na sakandare, ya kama sana'ar kafinta da zarto ɗaya mai giɓi da guduma mai girgiɗa. Rumfata ta farko kwano huɗu ce a bakin titi, idan aka yi ruwa ni da katako tare muke jiƙewa. Yau ga shago mai ƙofa uku, injuna biyar, ma'aikata goma sha ɗaya, da motar kai kaya mai sunan shagon a gefenta. Gidan da nake ciki ni na yi rufinsa, babu ƙofa ko taga a cikinsa da ba ta san tafin hannuna ba. Na gina wa mahaifiyata ɗaki, na ɗauki karatun ƙannena biyu har suka gama abin da ni ban gama ba. Ban ci gado ba, ba ni da kawu a ofis, ban taɓa durƙusawa a ƙofar wani ba. Daga Allah sai waɗannan hannaye. Kuma shekara ashirin da uku ina wannan sana'a ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Sai ke, farin cikin raina. Ke kika fara.

Kin tuna ranar farko ta dogon hutun nan? Na zo gidanku da sabuwar riga, na faɗi maganar da nake taunawa tun bara, lokacin da na gyara muku bencinan aji. Na ce ina son ki zama matata. Kika saurare ni tsaf, kika yi murmushin nan naki mai sa mutum ya manta hanyar gidansu, sannan kika nuna mini tulin littattafai a kan tebur. Kika ce dole ki gama su duka, wasu a takarda wasu a kunne, don ki zaɓi waɗanda suka dace da yaranki, kuma za ki ba ni amsa kafin a koma makaranta. Na ce to. Me zan ce? Na leƙa na ga 'yan siraran littattafai masu hoton agwagi da balan-balan, na ce a raina wannan ai aikin kwana uku ne. Ashe ban san ki ba. Ke ce mai karanta littafi mai shafi goma sha biyu sau uku: sau ɗaya don kanki, sau ɗaya da ƙarfi don ki ji yadda zai faɗa a kunnen yaro, sau ɗaya kuma wai don kewarsa kike yi. Duk ranar da na zo sai in tarar da ke a kujerar roba a tsakar gida, waya a cinya, ido a lumshe, kina dariya ke kaɗai. In yi sallama, Mama ta amsa. Ke kuwa ki ɗaga mini yatsa ɗaya, wai saura babi ɗaya. Malama, na auna katako iri-iri a duniya, ban taɓa ganin abu mai tsawon babi ɗayan nan naki ba.

Kuma wai wane ne wannan mutumin da ke karanta miki a waya? Murya kamar an shafa mata mai, yanzu ya zama kura, anjima ya zama tsohuwa, jim kaɗan ya koma ƙofa mai ƙara. Ya taɓa kafa ƙusa ɗaya ta miƙe? Ya taɓa ɗaukar ƙofa a ka ya hau bene da ita? Amma shi ke da kunnuwanki biyu daga hantsi har la'asar, ni kuwa ina gefe ina hira da kajin Mama, har sun fara gane ƙarar motata.

Da na ga haka sai na ce bari in yi magana da yaren da na iya. Na yi wa ajinki kantar littattafai, kyauta daga gare ni. Sati biyu na yi a kanta, ban bar kowa ya sa hannu ba. Katako na ainihi, tsayinta ya fi ni, ƙofofi na gilashi, ga kwaɗo mai makulli biyu, irin wadda alƙali zai ajiye a ofis ya ɗauki hoto a gabanta. Aka shigar da ita ajinki, babu kowa sai kujeru a kife a kan tebura da ƙamshin alli. Na harɗe hannu ina jiran yabo. Kika zagaya ta sau biyu, kika shafa ta, kika ce ta yi kyau. Sannan kika ce in durƙusa. Ni! Wai in sauko daidai tsayin ɗan shekara takwas in faɗa miki abin da na gani. Na durƙusa, don ke ce. Daga can ƙasa ban ga komai ba sai kwaɗo da ƙarƙashin katako. Kika ce littafin yaro fuskarsa yake nunawa, ba ƙeyarsa ba. Kika ce yaro da hannu yake zaɓa, kuma littafin da aka kulle ba shi da maraba da bulo. Kika ɗora mini guda goma sha biyu a hannu, wai in je in auna.

Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye miki ba. Amma idan aka ce in zaɓi rana ɗaya cikin kwanakina a maimaita mini, ita zan zaɓa. Da kika ga fuskata ta canza, sai kika zauna a ɗan bencin yara, kika zare iyafis ɗaya kika miƙo mini. Igiyar gajera ce, Allah ya saka wa wanda ya ƙera ta da alheri. Dole na matso, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, tsakanina da ke bai wuce taƙi ɗaya ba. Mutumin nan naki ya fara ba mu labarin wani jaki mai kai wasiƙu, wanda bai iya karanta adireshi ba, girman kai kuma ya hana shi tambaya, sai dai ya shinshina kowace wasiƙa ya kai ta gidan da ke irin ƙamshinta. Fanka na juyawa a sama, iska na kaɗa gefen mayafinki, kina dariya tun kafin wurin dariyar ya zo don kin riga kin sani. Kunnena ɗaya na wurin jaki, ɗayan na sauraren numfashinki. Da wane ma'auni ake auna irin wannan sa'a? Babi huɗu muka ji, kika kashe. Kika ce sauran na cikin littafi na uku daga sama, sannan kika tura mini muryar a wayata, wai ko da zan buƙata.

Na auna littattafan. Babu biyu masu girma ɗaya, wani faɗinsa kamar faranti, wani kamar tafin hannu. Kuma don Allah ki sanar da masu zana hotunan nan: a littafin agwagi akwai tsanin da ko kyanwa ba zai ɗauka ba, a wani kuma an kafe ƙofa ta gefe biyu, ban san ta ina mutanen gidan ke fita ba. Na rubuta kurakurai tara, suna nan idan ana so.

To, ga maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyata. Ba rashi kaɗai ya fitar da ni daga makaranta ba. Muna aji biyu malami ya tsayar da ni in karanta shafi ɗaya da ƙarfi. Na maƙale a layi na uku, kalmomin suka riƙa tsalle kamar fara, ajin ya fashe da dariya, aka laƙaba mini wani suna da ba zan rubuta shi a nan ba. Tun daga ranar ni da littafi sai gaisuwar nesa. Ina karanta awo, da takardar aiki, da saƙon waya. Amma littafi daga fari zuwa ƙarshe, ban taɓa ba. Idan aka miƙo mini doguwar takarda a gaban mutane sai in shafa aljihu in ce na manta tabarau. Ba ni da tabarau, Malama. Idona ras yake. Ke ma na taɓa yi miki hakan sau ɗaya, kika dube ni, ba ki ce uffan ba. Wannan shirun naki ya fi duk wata kyauta da aka taɓa yi mini.

Jakin nan dai ya hana ni sakat. Sai na riƙa tura ƙofar ofis lokacin hutun rana, in kunna mutumin nan, in ɗora yatsa a kan layi, yana tafiya ina bin sa. Idan ya yi sauri in dawo da shi baya. Sau goma na dawo da shi a wani shafi, bai yi tsaki ba, bai yi dariya ba. Na janye rabin abin da na faɗa a kansa. Daga babi na takwas na kashe shi na ci gaba ni kaɗai, sannu-sannu kamar mai taka sabon rufi. Kwana goma sha tara na yi. Ranar da na kai ƙarshe Yayata ta faɗo ofis ba sallama, ta same ni da littafi mai hoton jaki ina share ido. Na ce garin katako ne. Ta ce shekara ashirin garin katako bai sa ni hawaye ba sai yau, in gaida Malama da kyau.

Ashe wasiƙar nan da ba ta da ƙamshin gidan kowa, wadda jakin ya shekara bakwai yana yawo da ita a ƙasan jakarsa, tasa ce! Sai da ya sauke kai ya roƙi wata ƙaramar yarinya ta karanta masa. Na kuma san ba a banza kika sa littafin nan cikin na aunawa ba, ruwa ba ya tsami banza. Idan ni ne jakin, ki faɗa mini a gaban idona, zan ɗauka. Kunnuwan ne kawai ban yarda da su ba.

Sabuwar kanta ta kammala. Tsayinta iya ƙuguna, kowane littafi zai jingina ya nuna fuskarsa, na goge kusurwoyinta don kada goshin wani ya fashe. Ba gilashi, ba kwaɗo. A durƙushe na yi awonta. Tsohuwar kuwa Mama ta ce a kai mata ta jera kwanuka, ita dai ta san darajar aiki.

Ranar Litinin ake komawa makaranta, sanyin idona, kuma Mama ta tsegunta mini littafi biyu suka rage miki. Ni kuwa kwanakin nan ina kamar shukar da ta ga hadari ya haɗu amma bai zubo ba. Har yaushe ƙasa za ta yi ta kallon sama? Har yaushe tsuntsu zai gama gina sheƙa ya zauna a reshe shi kaɗai? Gidan nan da nake alfahari da shi, kowace ƙofa a cikinsa tana rufuwa daidai, amma babu mai buɗe mini ko ɗaya. Akwai wani ɗaki mai taga ta gabas, na riga na auna bangonsa, zai ɗauki littafi ɗari uku.

Ranar da kika durƙusar da ni, da na juya kai na ga babban kwalin da kika manna ƙasa-ƙasa a bango. Gida uku gare shi: sunan wanda ya gama littafi a hutu, sunan littafin, sai gidan ƙarshe da aka rubuta “Wa ya taimake ka?” Na kuma karanta dokar da ke ƙasansa, cewa ba a rubuta kowa sai ya tsaya gaban aji ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi. To, ranar Litinin idan na sauke kanta ba zan tafi ba. Zan tsaya gaban yaranki arba'in in karanta shafin ƙarshe na jakin nan. Idan na maƙale, na maƙale. Idan sun yi dariya, su yi, yara ne. Ke dai kada ki kawar da kai. Ba don in sayi amsarki zan yi ba. Ba na so ne ki ce kin yarda da wani mutum mai manta tabarau, wanda babu shi. Yanzu kin san wanda ke neman ki. Shi za ki ba amsa.

Ko mene ne amsar, zuciyar nan an riga an kafa ta, kuma aikina ba ya ɓallewa. Ina tare da ke har zarto ya faɗi daga hannuna, har tabarau ɗin gaske ya kama ni, mu zauna kina da kunne ɗaya ina da ɗaya.

Naki har ƙarshen numfashi,
Kafintanki.

Abu ɗaya ya rage, kuma wannan ba roƙo ba ne, haƙƙina ne. Idan na gama karanta shafin, ki rubuta sunana a kwalin nan. Cikakke, yadda mahaifina ya raɗa mini, ba Mai-Guduma da kike kirana ba, da babban alƙalami irin na kowa, da tauraro a gefensa, ba ragi. A gidan ƙarshe kuma, inda na shekara ashirin da uku ina cewa babu kowa, ki rubuta naki.