Ba Zan Goge Allon Ba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma faɗan a rage mata ƙarar fanka.

Yaya, na karanta shawararka cewa in ba shugaban sashenmu haƙuri. Na san Kawu ne ya kai maka labarin, kuma rabinsa ya kai. Ga yadda aka yi. A littafin da shugaban ya rubuta wa ɗalibai akwai wata lamba mai gurbi talatin da ɗaya, cikin irin waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Wannan gaskiya ne, na gwada. Amma ya ƙara da cewa tagwaye ce, wato in an ƙara mata biyu za a sami wata marar rabuwa, kamar sha ɗaya da sha uku. Ina shirya darasi na gwada abokiyar tata a tsohuwar kwamfutar ofishinmu, sai ta rabu da ɗari tara da casa'in da bakwai, ba ragowa. Ban yarda da na'ura ba, na ɗauki biro na yi da hannu har sau uku.

Ofishinsa na fara zuwa, na rufe ƙofa, na miƙa masa takardar lissafin da hannu biyu. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce shekararsa talatin yana koyarwa, yarinyar jiya ba za ta gyara masa littafi ba. Washegari wata ɗaliba ta tambaye ni a aji ko lambar tagwaye ce. Me zan ce mata? Na cika allo da lissafin. Yanzu an ce in rubuta cewa kuskurena ne, ko a kwashe ni daga aji a kai ni ɗakin ajiyar fayil.

Kawu ya ce bin na gaba bin Allah ne. Na ce masa rashin kunya ban yi ba, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Kai ka koya mini jadawalin sau a bayan kwalin sabulu, ba ka taɓa barina na tashi da amsar banza ba. Ranar Litinin zan tsaya gaban kwamitin da aka kafa kan maganar da alli a hannu. Duk wanda ya fito da ragowa ko ta ɗaya, a take zan durƙusa. In babu, su ba ni mabuɗin ɗakin fayil ɗin, zan share shi tas, amma ba zan sa hannu a takardar amsa kuskuren nan ba.

Ka gaishe mini da matarka, da Dogo, da Autarku mai giɓi. Umma da Gwaggo suna sa muku albarka.

Ƙanwarka da ba ta ji maganarka wannan karon ba.