Kanwa a Zoɓon Balkisu

Zuwa ga Mas'uda, sanyin ruwan randa a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa ran da aka yi ruwan fari, barewar kwarin Tarka mai wuyar kamu, gawona mai inuwa a lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya lulluɓe ki daga kallabi har tafin ƙafa.

Kafin in gaishe ki da kyau, ki miƙa mini gaisuwa ga saurayinki na yanzu, wato Shimi, wanga ilimi naku na haɗa ruwa da ruwa a kwalba. Allah ya ja zamaninsa! Ni dai na sara masa. Na ga samari iri-iri a Dakoro, masu moto, masu shadda, masu raƙumi da jan sirdi, amma ban taɓa ganin gwani irinsa ba. Bai taka ƙofar gidanku ba, bai durƙusa gaban Elhaji mahaifinki ba, ko goro ɗaya bai kai wa tsofaffinku ba, amma ya ɗauke ki sukutum ya kai ki lise, babbar sakandare, a Maradi, ya zaunar da ke gidan Gwaggo Mata, har ya sa kika miƙa mata wayarki da hannunki ta kulle sai an gama bak, jarrabawar fita lise. Kuma wai duk wannan share fage ne, babban bikin sai a jami'a. Madalla da Shimi! Da ɗan kasuwa ne da ya tashe mu duka: ya kwashe kaya, ya bar mai kaya yana yi masa addu'a.

To, ya karatu, hasken idona? Ya zafin Maradi? Kina cin abinci kuwa, ko shi ma sai kin auna shi?

Ni ina nan inda kika bar ni, a rumfata ta bakin kasuwar dabbobi, tsakanin buhunan kanwa da gishiri. Ranar kasuwa garin nan kan cika har ya tumbatsa. Fulani da jajayen shanunsu masu dogayen ƙaho, Buzaye bisa raƙuma, mutanen Korahane da na Bader Goula da amalanken hatsi, kowa na kiran sunana, kowa na taya kayana, bakina bai hutawa. Amma wallahi, Mas'uda, ban taɓa sanin mutum na iya zama shi kaɗai a tsakiyar dubban mutane ba sai bana. In la'asar ta yi, kasuwa ta watse, raƙuma suka miƙe suka nufi arewa ɗaya bayan ɗaya, sai in bi su da kallo in ga kowane yana da inda ake jiransa. Ni fa? In haɗa shayi, in jera kofi biyu bisa sabo, in shanye nawa, in zauna ina kallon naki har ya huce. Wace irin rijiya ce wannan da kika jefa ni, wadda ta fi rijiyoyin ƙasarmu zurfi, kuma kika tafi da igiyar?

Kin tuna hutun da ya wuce, ran da Elhaji ya aiko ki sayen kanwar tumaki? Kika tsaya bakin rumfa cikin shuɗin mayafi, da ledar zoɓo mai sanyi a hannu, ni kuma na shiga tsokanarki, na ce me ake koya muku a shimi da ya wuce wanke kwalabe. Ba ki yi fushi ba. Kika ce in ba ki kofin shayi. Kika tsiyaya zoɓon, ja wur kamar garwashi, kika murza ɗan gutsuren kanwata kika zuba. Ina kallo, jan nan ya mutu! Ya koma wani baƙi-baƙi, kore-kore, kamar ruwan tabki a ƙarshen rani. Na ce shi ke nan, kin kashe shi. Kika yi murmushin nan naki mai lotsa kumatu, kika ciro lemun tsami daga cefanen da ke hannunki, kika matsa. Sai ga ja ya dawo, ya ma fi na farko haske! Kika ce a shimi lemun asid ne, kanwar kuma baz ce, zoɓo kuwa ɗan rahoto ne, shi ke tona wanda ya fi ƙarfi a cikin kofi. Ni da na ajiye lakwal a katriyem, tun aji uku na sakandare, abin da ya rage mini na shimi bai wuce H2O ba, amma ran nan na fahimci kome, don ina kallon yatsunki. Ashe rai kan fita daga abu ya dawo, in hannun da ya dace ya taɓa shi!

Yanzu ki saurari abin da ɗalibinki ya aikata a kasuwar da ta wuce. Kewarki ta ishe ni, na rasa wanda zan yi wa zancenki, sai na tara ƴan rumfunanmu da wasu Fulani abokan cinikina na ce su zo su ga abin da matar da zan aura take karantawa. Kin san halina, ba na yin abu ƙarami. Maimakon kofi, sai na buɗe kular Balkisu mai zoɓo, cike take fal, na watsa mata kanwa cikin tafi guda. Zoɓo ya juye nan take. Jama'a suka ɗauki salati, wani tsohon Bafillace ya ja da baya yana tofa addu'a. Na gyara hula, na ce ku dakata, yanzu za ku ga ya dawo. Na sa hannu a aljihu. Mas'uda, na manta lemun tsami! Na zaga kasuwar nan kaf, daga ƴan kayan miya har bakin tasha, bazara ta cinye shi, ko na magani babu. Balkisu ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai Abarci, wa ya aike ka? Mai ilimin tana Maradi, kai kanwar kawai aka bar maka!" Tun ran nan ba mai kirana da sunana. Daga mahauta har dillalan awaki, kowa Dokta yake ce mini.

Na bar su suna dariya, ni ma na taya su. Abin da bai ba ni dariya ba shi ne wanda ya biyo baya. Na ɗebi baƙin zoɓon a kwalba na ajiye, na yi wa Yakubu direba saƙon lemu daga Maradi. Da ya kawo bayan kwana biyu, na zauna ni kaɗai a rumfa na matsa, na ƙara matsawa, har sai da lemun ya zama fata. Bai dawo ba, ƴar Elhaji. Ya ɗan motsa kamar zai tuna, ya tsaya a wani launi na ƙasa-ƙasa, ba ja ba, ba baƙi ba. Ba ki faɗa mini abin yana da wa'adi ba! Ba ki ce in an daɗe zoɓo kan mance kalarsa ba! Na zauna da kwalbar nan a hannu har aka kira magariba, ina tunaninki.

Don Yakubu, wanda zai miƙa miki takardar nan, ya zo mini da wani labari tare da lemun. Wai ya ji a bakin Gwaggo cewa mushenku, wato malaminku na shimi, ya ce kanki ya fi ƙarfin Maradi, in kin ci bak a nema miki Yamai, ko ma ƙetare. Na yi murna, Allah shi ne shaida, don ni na riga mushen sanin kanki. Ki je! Ki sa farar rigar nan, ki shiga labo, ɗakin gwaje-gwaje, ki haɗa abin da ba a taɓa haɗawa ba, a kira sunanki a rediyo in tsayar da ciniki in ce wa kasuwa ku yi shiru. Ba zan taɓa tsayawa tsakaninki da jami'a ba, ko da aure ko babu. Abu ɗaya nake roƙo: ki yarda in turo manyana gidanku kafin ki tafi, a san da maganata, a sa albarka. Na taɓa wa Elhaji zancen, ya ce shi ba ya yanke wa ɗiyarsa magana sai da bakinta, in kin ce a zo, a zo. Ke kuma tun bara amsarki ɗaya ce, in bari a gama bak. To bayan bak sai a ce in bari a gama jami'a, ni kuwa kamar zoɓon Balkisu ina cikin kula, kanwa na cina.

Kalma ɗaya ta ishe ni, ya tauraruwar da matafiya ke bi. Ki yage gefen kayenki na rubutu, ki rubuta "su zo", ki ba Yakubu. Ba zai ci miki lokacin da Shimi zai yi kuka da shi ba. In kin rubuta, zan jira ki shekarun da karatu ya nema, in jira ki kamar yadda ƙasar nan ke jiran damina, ba ta ƙaura, ba ta neman wani sama. In ma ba ki rubuta ba, ina zan je? Zuciyar nan kaya ce da na riga na sallama, kuma ni ban taɓa tayar da cinikin da na sallama ba.

Naki jiya, naki yau, naki har ran da za a mayar da ni ƙasar Dakoro,

Abarci mai kanwa, wanda ake kira Dokta saboda ke.

Af, na manta. Tunda mushen naku ya san kome, ki tambayar mini shi: har tsawon wane lokaci zoɓo ke iya jiran lemun tsami, ko shi ma wannan babin sai a jami'a ake koyar da shi?