Manu Ya Buga Ƙwallon Likita

Tungar Guru,
Damina, 2013.

Zuwa ga aminina Likita Abdulwahabu, a Gummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Yaya ruwa a wajenku? Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin yamma na koya bayan furfura ta fito.

Likita, Manu ya buga ƙwallon!

Ka tuna shi, jikana da na kawo muku asibiti a Anka, shekarar da muka riƙa daka dutsen zinariya a turmin hatsi, gubar dalma ta ɗauke mana yayyensa biyu. Shi ya rayu, amma ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Kowace safiya sai ka gangaro masa da tsohon ƙwallonka daga bakin ƙofa, kana duba ko idonsa zai bi, ko ƙafarsa za ta motsa. Wani ma'aikacinku ne ya gaya mini cewa lokacin kana kwaleji a Sakkwato, fili cika yake yi don a kalle ka kana buga ƙwallo, kafin gwiwa ta fitar da kai ka rungumi karatun likita.

Da ka ajiye aiki ka bar mana ƙwallon. Tun daga nan nake gangara masa bayan asuba, yadda na ga kana yi. Ubansa yana can wajen haƙar zinariya, ba ya leƙowa. Innarsa ta koma danginta a Gwashi. Gidan ya rage daga ni sai shi.

Jiya ya dafa bango ya miƙe, ya tura ƙwallon da ƙafar hagu har ya kifar mini da buta. Na yi kabbara, na waiwaya in gaya wa wani, ba kowa a tsakar gidan sai akuya. Shi ya sa na ɗauko biro.

Nababa direba ya ce yana ganin ka zaune kai kaɗai a ƙofar gida, kana kallon yaran unguwa suna ƙwallo, ba wanda ya san ko kai wane ne. Ranar kasuwar Gummi zan ɗauko Manu mu zo, in Allah ya yarda. Ka fito da kujerarka. Wannan karon shi zai buga, kai ka tare.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ni ne naka,
Malam Ɗantani.