Hular da ta ɓata ranar tafiyata

Kigali, Ruwanda

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna da Yusra. Yaya ƙafarka, ta bar kumburi? Ruwa ya sauka Kebbe kuwa?

Ni lafiyata lau, kada Inna ta damu. Abincinsu ne dai, dafaffiyar ayaba da wake, har yau cikina bai amince ba. Karatun rubuta manhajar kwamfuta shina tafiya, sai dai jarrabawar farko ban ci ba. Haddace darussan na yi kamar karatun allo, su kuwa sunka kawo tambayar da ban taɓa gani ba. In na sake faɗuwa, gida za su maido ni.

Amma na samu dabara, kuma taka ce. In ɗalibinka ya yi kuskure ba ka gyara mai, sai ka ce shi koma farko shi karanto da ƙarfi har kunnensa shi kama. Haka nika yi yanzu in manhaja ta ƙi aiki, layi-layi. Jiya na kama kuskure fuɗu.

Sai dai karatu na son mai saurare. Baba, jar hularka da ta ɓata ranar tafiyata, har ka yi wa Yusra faɗa, ni na ɗauke ta. Tana bisa teburina, ita nika karanto ma.

Ka ba Yusra haƙuri. A sa ni addu'a, jarrabawa ranar Litinin ce. Hular kuwa, ka yafe mani, tare za mu dawo.

Ɗanka,
Gazali