Izzuddeen Ya Ɗauki Bashin da Aka Tura Shi Karɓowa

Unguwar Takur,
Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Baffana, Baffa Nata'ala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga uba, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma Zuwaira da yara duka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a kasuwa, ya tsare ku da hayaniyar Ikko. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa islamiyya da ƙafarta, sai dai har yau babu wanda ya isa ya hana ta tsugunno a gaban murhu. Baban Nabila yana nan yana fama da ɗalibansa, ita kuma Nabila ta fara haƙora, duk abin da hannunta ya kai sai baki. Ruwa ya zauna sosai bana, geron gonar gida ya fara fitar da kai.

Na san za ka ce me ya hana ni kira a waya. Ka yi haƙuri Baffa, kai in aka kira ka ba ka barin mutum ya kai aya, ni kuwa maganar nan ko ni da nake rubuta ta ban gama gane kanta ba. Shi ya sa na ce gara in zauna in shimfiɗa ta, in ɗauki hotonta in tura wa Umma ta karanta maka kana zaune, kafin mutanen ofis su riga ni kiranka. Maganar ƙanena Izzuddeen ce, da aikin nan da ka samo masa ta hannun abokinka, har ka sa hannu ka tsaya masa.

Ka san irin zaman da ya yi bayan ya gama bautar ƙasa, takalminsa har ya cinye wajen yawon kai takardu. Ranar da aka ɗauke shi Inna har kuka ta yi. Amma ni tun a ranar kaina ya ɗaure da na ji irin aikin. Kamfanin dai ba kuɗin ruwa yake ci ba, wannan Inna ta sa an tambayo mata malamai kafin ta bar shi ya fita. Kaya suke saya, kamar taki ko keken ɗinki ko injin niƙa, su sayar wa mutum bashi ya riƙa biya a hankali. A cikinsu akwai masu duba wanda ya cancanta a ba shi, akwai masu zama a ofis suna kiran waya, akwai kuma masu hawa babur su bi mutane har gida. To a wannan na ƙarshe aka sa Izzuddeen. Izzuddeen fa, Baffa! Yaron da in ka ari hularsa sai ya ji kunyar ganinta a kanka, ya sunkuyar da kai ya wuce. An ce masa in ya tsallake watannin gwaji za a tabbatar da shi, ga kamasho a kan abin da ya karɓo, kuma suna shirin buɗe reshe a Taura, mai ƙoƙari zai iya zama shugaban reshe. Yana dawowa gida yana ba mu wannan labari ido na ƙyalli, ni kuwa ina kallonsa ina cewa a raina Allah ya sa.

Abin mamaki, da farko abin ya tafi daidai. Ba ya faɗa, ba ya zare ido. Zuwa yake ya gaishe da mutum, ya zauna, ya yi ta zama, har mai gida ya gaji da kunya ya shiga ɗaki ya ɗauko wani abu. Baban Nabila ya ce wannan ba bin bashi ba ne, ziyara ce mai tsada. A cikin waɗanda yake bi akwai wani dattijo a wani ƙauye bayan Buji, Malam Abdulbaƙi, wanda ya karɓi injin niƙa, matarsa ce ke juya shi a cikin gida, da shi suke ci. Ciwo ya kwantar da dattijon, biya ya tsaya. Izzuddeen ya sha zuwa, kullum sai a dama masa fura, ya sha, ya yi wa maras lafiya sannu, ya dawo hannu rabbana. Daga ƙarshe manajarsu, Hajiya Munira, ta ce masa ko dai ya dawo da kuɗi ko ya dawo da inji.

Ranar da ya tafi da wannan umarni, yana shiga ƙauyen ya tarar da jama'a a ƙofar gidan. Allah ya yi wa Malam Abdulbaƙi rasuwa da safiyar nan, har an fito da shi. Ya kafe babur, ya yi alwala, ya shiga sahu, bai ma tuna da cewa rigar kamfani ce a jikinsa ba, mai tambari ɓaro-ɓaro a baya. Sai liman ya juyo, kamar yadda aka saba, ya tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi. Izzuddeen ya ce mini bai taɓa jin nauyin ido irin na ranar ba, duk sahu ya juyo kan rigar nan. Ƙarya ba za ta yiwu a gaban gawa ba, don haka ya ce e, kamfaninsu na bin sa sauran kuɗin inji. Liman ya ce to wa zai ɗauka, don shi ba zai tayar da salla ba sai an sauke wa bawan Allah wannan nauyi. Babban ɗan mamacin, Ziyad, yana kudu wajen cirani, wayarsa ba ta shiga. 'Yan'uwan mamacin kowa ya duƙar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, kuma ban ga laifinsu ba, su ma ba su da shi. Rana tana dukan makara, shiru ya yi tsawo. Izzuddeen ya rantse mini bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba, shi dai kawai ya ji muryarsa tana cewa ya ɗauka. Liman ya yi kabbara aka yi salla.

To Baffa, ka ji inda muka shiga. Wanda aka tura karɓo bashi ya dawo shi ne ake bi. Da ya ba ni labari ban san lokacin da na ɗora hannu a ka ba. Na ce masa da wane albashin, kai da ko gwaji ba ka gama ba? Na faɗa masa maganganu, wasu ma na yi nadamarsu. Baban Nabila kuwa dariya ya yi har da hawaye, wai yanzu sai Izzuddeen ya riƙa tashi da safe yana yi wa kansa sallama, ya dama wa kansa fura, ya ba kansa haƙuri. Ni ban ga abin dariya ba, amma sai da na dara.

Washegari ya je ya gaya wa Hajiya Munira gaskiya. Ya ce ta cire tabarau ta yi ta kallonsa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce ita a iya shekarunta a wannan aiki ta ga mai gudu, ta ga mai ɓuya a rumbu, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ta ce dokarsu ta hana ma'aikaci ya tsaya wa wanda ake bi ko ya biya masa, domin ta nan ake cuwa-cuwa, duk wanda ya yi korarsa ake. Kuma kamfani bai san wata magana da aka yi a bakin makara ba, magada ya sani, da injin. Ba muguwar mace ba ce, har ta yi wa mamacin addu'a, amma ta ce ita ma akwai na sama da ita. Ta ba shi zuwa Litinin ɗin nan mai zuwa ya kawo inji ofis, a rufe magana kamar ba a yi ba. In bai kawo ba, dole ta rubuta, kuma dole a kira wanda ya tsaya masa, wato kai.

Daga nan na shiga yawon tambaya, kuma duk inda na je sai in dawo da ruɗanin da ya fi na da. Malamin islamiyyarmu ya ce maganar ta zauna daram, tana da asali a addini, bashi ya tashi daga wuyan mamaci ya koma wuyan Izzuddeen, in ya janye to ya yaudari liman da gawa da jama'a. Maƙwabcinmu da ke aiki a kotu ya ce a takarda babu abin da ya hau kansa, ya je ya ɗauko inji ya huta. Inna in ka same ta da safe sai ta ce ya riƙe aikinsa, wahalar da aka sha ta isa. In ka same ta bayan la'asar ta idar da lazimi sai ta ce ita ba ta haifi ɗan da zai yi wa gawa ƙarya ba. Ni kuma ina tsakiya, duk wanda ya yi magana sai in ji shi ne mai gaskiya.

Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne yadda labarin ya bazu a ƙauyukan nan. Wasu da suka daɗe suna yi masa wasan ɓuya yanzu su ke tare shi a hanya su biya, wai ba za su iya cin haƙƙin irin wannan yaro ba. Hajiya Munira da bakinta ta ce a makon nan babu wanda ya kai shi kawo kuɗi. Wasu kuma sun mai da abin wasa, wani mai shago ya ce masa ya ƙara haƙuri, in ya mutu sai ya zo ya ɗauka. Har kiransa aka yi daga wani ƙauye ana sanar da shi rasuwar mutumin da bai taɓa gani ba, wai ko zai samu zuwa jana'iza. Yanzu ni ban sani ba, Baffa, yaron nan ya fi kowa iya aikin ne ko kuwa ya fi kowa rashin dacewa da shi?

Ana cikin haka, shekaranjiya sai ga a-kori-kura a ƙofar gidanmu, da ƙannen mamacin a ciki, da injin niƙan a ɗaure a baya. Suka ce sun zauna sun yi shawara, tunda shi ya ɗauki bashi to inji nasa ne, ba za su haɗa masa biya da rashi ba. Matar tana takaba ba ta fita, amma ta aiko a ce masa ta gode, Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa mijinta. Suka sauke shi a zaure suka tafi, ko ruwa da ƙyar suka sha. Wallahi na ji sanyi a raina. Na ce masa shi ke nan, Allah ya kawo mafita, ba ƙwace ka yi ba, da hannunsu suka kawo, ka miƙa shi ofis ka tsira da aikinka. Ya tsuguna yana duba injin, har da sauran garin dawa a bakinsa, da wani ɗan tsumma da matar ta ɗaure inda yake yoyo. Can ya ce in aka kai injin nan ofis, me yaran gidan za su ci kafin ta fita takaba? Na ce kai kuma me za ka ci? Ya ce shi ma bai sani ba.

Jiya na sake zaunar da shi, na ce ya gaya mini tsakani da Allah abin da ya kai bakinsa ga wannan magana. Sai ya ce ranar da Babanmu ya rasu aka fito da shi, mu mata muna cikin gida ba mu gani ba, liman ya yi irin wannan tambaya, masu bin Baba kuɗin taki suna tsaye, aka yi shiru irin wannan shirun. Shi kuma yana tsaye a sahu. Sai wani ya ɗaga murya daga bayansa ya ce ya ɗauka. Baffa, ka san ko wane ne. Ni ban taɓa sani ba sai jiya, ba ka taɓa faɗa ba, kuma na tabbata a lokacin kai ma ba ka da shi.

Yau da safe ya kira mai a-kori-kura suka ɗora injin. Ya shigo ya same ni a kan keken ɗinki, da rigar kamfanin a jikinsa, ya ce in ranta masa kuɗin mota. Daga Takur zuwa ofishinsu ba wani kuɗi ba ne, zuwa bayan Buji kuwa kuɗi ne mai kauri. Bai ce mini ga inda za shi ba, ni ma ban tambaya ba. Ni da na kwana biyu ina yi masa faɗa, na buɗe gwangwanin da nake tara kuɗin ɗinki, na ƙirgo na Buji na ba shi. Ya kalli kuɗin, ya kalle ni, ya fita. Har yanzu da nake rubutun nan ban san ko daidai na yi ba, kuma ga shi ni ma na shiga layin masu bin sa, na kuma san ba zan iya tambaya ba.

Ya ce ran Litinin zai je ofis da ƙafarsa ya faɗi abin da ya yi, ya roƙa a bar shi ya riƙa biya daga albashi, in sun ƙi ya ajiye musu babur da riga. Don haka za su kira ka. Ban san me za ka ce musu ba, ban kuma isa in gaya maka ba. In faɗa za ka yi masa, ka yi, ya cancanci wani abu daga ciki. Abin da nake roƙo kawai, kafin ka ɗaga murya, ka tuna a bakin wa ya fara jin kalmar nan.

Inna tana gaishe ka ƙwarai, ta ce a gaya maka ita yau ba ta da ra'ayi, sai addu'a. Baban Nabila yana miƙa gaisuwa. A gaishe mini da Umma Zuwaira, na gode mata da karatun wannan doguwar takarda, a shafa mini kan Falmata da Umar. Allah ya bar mana kai, ya sa mu ji alheri.

'Yarka, mai jiran amsarka da zuciya a hannu,
Zinariya.