Furar Ɗaya ga Oktoba

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa da fatan rahamar Allah ta kai gare ki a makwancinki.

Yau ɗaya ga Oktoba, ta farko da ba ki nan. Tun safe rediyo ke ta lissafi: a rana irin ta yau Nijeriya ta samu 'yancin kai a 1960, a rana irin ta yau aka ba mu Jihar Zamfara a 1996. Na jira su faɗi na uku, ba su faɗa ba. Dama ke kaɗai ke da shi a lissafinki. Kin sha cewa, "Su sun samu jiha, ni na samu ɗiya, kuma tawa ta fi tasu kuka."

Labarin na haddace shi kamar karatun allo. Naƙudata ta kama ki a Karakkai, ta zo da gardama, ga shi duk mai mota ya nufi Gusau murna. Sai wani direban Tsafe ya biyo da lodin gero. Ya sauke buhu biyu a bakin hanya don ki samu wurin kwanciya, ya kai ki asibitin Bungudu. Kafin Baba ya juyo ya yi masa godiya, ya tafi. Ko sunansa ba ku ji ba.

Shi ya sa tun da muka dawo Gusau, duk ranar nan sai kin dama furar sabon gero kin kai tasha, kowane direba ya sha kyauta. Ina yi miki dariya wai kina neman allura cikin ruwa. Ke kuwa sai ki ce tunda ba ki san shi ba, kowane direba shi ne.

Inna, ba zan ɓoye miki ba, na so in bari bana. Na ji tsoron kada in tsaya a wurinki in kasa riƙe hawaye, kuma kin san hannuna a fura. Amma da na ga ƙwaryarki a rataye, kunya ta kama ni. Na daka, na dama, na ɗauka.

Ashe direbobin tasha suna jira. Har bencin da kike zama sun share. Wani dattijo mai jigilar garin Mada ya tambaye ni ina mai furar Oktoba. Da na gaya masa, ya tsayar da lodi, suka yi miki addu'a, fasinja na cikin mota ba wanda ya yi ƙorafi. Sannan ya kurɓa, ya ce citta ta yi yawa, baɗi in rage.

Baɗi, Inna. Raina ya yi fari da jin kalmar nan.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke kamar yadda kika shayar. Direban nan kuma, ko yana raye ko ya riga mu, Allah Ya san sunansa.

Taki har kullum,
'Yarjiha